Lokacin da Na Yi wa Mijina Tafinta

Mijina mutum ne da za ku shiga mota tare daga Jos har Bauchi, ku sauka bai ce da kai komai ba sai "Mun iso." Katako yake sayarwa a kasuwar Katako, kuma na sha gaya masa cewa ya yi dacen sana'a, don shi da hajarsa halinsu ɗaya. Ni kuwa malamar Turanci ce a makarantar sakandare, da baki nake cin abinci. Da farkon aurenmu abin bai dame ni ba. Ina yin maganar mutum biyu, yana yin shirun mutum biyu, muka zauna lafiya a ɗakunanmu biyu na haya a Dutse Uku.

Zaman ya lalace ne bayan rasuwar 'yarmu ta fari. Kwana goma sha tara ta yi a duniya. Tun ina da ciki ya haɗa mata ɗan gado da itacen maɗaci, da hannunsa, alhali shi ba kafinta ba ne. Ƙafa ɗaya ma ta fi sauran gajarta, sai da muka tokare ta da kwali, na yi ta yi masa tsiya a kai. Ranar da aka kai yarinyar makwancinta, tun masu gaisuwa ba su watse ba, ya shigo ɗaki ya ɗauki gadon, ya ɗaure a bayan babur ya tafi. Da na tambaye shi bayan kwana biyu, sai ya ce, "Na kai Katako." Ban sake tambaya ba. Me ake yi da kaya a Katako in ba sayarwa ba?

Sannan ga maganar suna. Daga ranar da aka raɗa mata shi har ta koma, ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. Na san dalili. Bafulatani ne, iyayensa sun bar kiwo sun zauna a gari, amma ba su bar kunyar ɗan fari ba. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in ana zancensa ma sai ya kau da kai. Mu ma muna yi, amma tasu ta fi tamu tauri. Duk na san wannan tun kafin in aure shi. Na dai ɗauka mutuwa za ta sassauta dokar, sai na ga ko gezau. Ina kuka, yana ce min, "Ki yi haƙuri," ya ɗauki hularsa ya tafi kasuwa. Har na fara raya wa kaina cewa ni kaɗai aka yi wa rasuwa a gidan.

Da aka yi wata takwas a haka, na sauko da akwatina daga kan wadirob, na ajiye shi a bakin ƙofar ɗaki, na fara zuba kaya. Na gaya wa Inna cewa da an ba da hutun makaranta zan dawo gida, kuma ba yaji nake nufi ba. Saura mako biyar a lokacin. Shi kuwa kullum da safe sai ya kewaye akwatin a hankali, kamar wani baƙo ne yake barci a wurin, ya fita.

Maƙwabciyarmu ce ta fara magana. Bayarabiya ce, ma'aikaciyar jinya, kowa Maman 'Yan Biyu yake ce mata. Shekararta ashirin a Jos, amma a Hausarta kowa namiji ne, har ita kanta. Ta shigo aron rariya, ta yi tuntuɓe da akwatin, ta dube shi ta dube ni.

"Malama, wannan akwati ina za shi?"

Ban yi niyyar faɗa ba, amma ni ba na iya riƙe magana. Ta zauna a bakin gado ta ji komai, rariyar na kan cinyarta. Da na gama sai ta ce, "Ƙanwata yana Ingila, aikinsa ke nan, gyaran aure. Ba allura, ba ƙwaya, magana kawai. Ko ba ku je ba, yana yi ta kwamfuta. Ku rubuta, shi ya rubuta." Ta rantse min cewa ƙanwar ba ta kai zancen mutane wurin kowa, ita kanta ta sha neman gulma a wurinta ba ta samu ba.

Lokacin ba a daɗe da fara riƙe wayar salula ba, kafe kuma ya fara yawa a gari, shagunan nan da ake jera kwamfutoci mutum ya shiga intanet. Ban yi zaton Malam, wato mijin nawa, zai yarda ba, don haka na ba shi zaɓi biyu. Ko dai kawuna da baffansa su zauna a zaure a baje komai a gabansu, ko kuwa matar kwamfuta. Ya daɗe yana kallon tabarma.

"Ta san wani a Dutse Uku?"

"Yayarta kawai."

"A Katako fa?"

"Ba ta san kowa ba."

"To mu je," in ji shi.

Muka zaɓi wani kafe a Kwararafa, a saman bene, don kada mu haɗu da idon sani. Kowace Asabar da hantsi muke zuwa. An yanka ɗakin gida-gida da filawud, kowace kwamfuta da ɗan lungunta, janareta na ta ƙugi a baranda. Ranar farko, kafin ma ya zauna, sai da Malam ya ƙwanƙwasa filawud ɗin da yatsa, ya girgiza kai ya ce ba zai kai damina biyu ba. Aka ƙaro mana kujera, muka matsu a lungu ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Rabon da mu zauna kusa haka tun kafin haihuwa.

Matsala ɗaya ce. Matar ta bar ƙasar nan tun tana ƙarama, Hausarta ba ta wuce "sannu" ba. Malam kuma karatun allo ya yi, yana rubuta ajami kamar ɗab'i, amma Turancinsa na ciniki ne, wanda ake yi da baki. Saboda haka ni zan buga abin da ya faɗa, ni zan karanta masa abin da ta ce. Wato ni ce mai ƙara, ni ce tafinta, kuma babu mai duba aikina. Allah ya yafe min, a ranar har wani daɗi na ji.

Da farko sai da ya sa na gaishe ta yadda ya kamata. Ya gida, ya iyali, ya aiki, ya sanyin ƙasar, ya bayan rabuwa da gida. Kowace gaisuwa sai ta ɗauki lokaci kafin ta haye teku ta dawo, shi kuwa yana zaune yana jiran amsa, in ta zo ya ce, "To madalla." Kusan rabin lokacinmu a nan ya tafi.

Sannan ta tambaye shi abin da ya fi so game da matarsa. Can ya ce, "Ta iya dafa gwate." Shekara huɗu da aure, abin da na samu ke nan. Na buga shi yadda yake, don ta ga irin abin da nake fama da shi.

Da ta tambaye shi ko akwai abin da yake damunsa game da ni, sai ga bakin Malam ya buɗe. Bai dube ni ba, allon kwamfutar yake kallo, ya ce ba na barinsa ya kai ƙarshen tunaninsa, yana cikin neman kalma sai in kawo masa tawa in ce ita yake nufi, daga nan kuma in yi fushi da kalmar da ni na kawo. Ya daɗe yana bayani. Na ɗora yatsuna na buga mata: ya ce ba shi da wani ƙorafi sosai.

Ta aiko da dogon rubutu, ya cika allon. Ta ce mutum biyu kan yi rashi ɗaya amma kowa da yadda yake ɗaukar nasa, ta ce shiru ba kullum yake nufin rashin damuwa ba, ta ce ni ma in gwada yin tambaya ɗaya in jira amsa komai daɗewarta. Na karanta har ƙasa, na juya na ce masa, "Ta ce ka riƙa magana."

Ya dubi allon daga sama zuwa ƙasa. "Duk wannan?"

"Turanci ne, Malam. Haka yake da tsawo."

Na ɗauka na sha.

Asabar ta biyu ya kama ni dumu-dumu. Ya sake yin wata doguwar magana, na sake buga layi guda. Kafin in aika sai ya miƙo hannu, ya auna rubutuna da tsakanin yatsunsa biyu, ya ɗaga min su a gaban fuska.

"Malama, ni fa aikina awo ne. Na ba ki falanki mai ƙafa goma sha biyu, kin miƙa wa baiwar Allah ƙafa biyu. Ina sauran?"

Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji dariya na neman ƙwace min, don rabon da ya tsokane ni har na manta. Ya ce in gaya mata abin da na yi, kuma zai auna. Haka na zauna na rubuta ƙarar kaina da hannuna.

Matar ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta yi ta mamakin mijin da ba shi da ƙorafi ko ɗaya, don ba ta taɓa gamuwa da irinsa ba. Sai ta kafa mana doka. Duk abin da ya faɗa, in buga shi da bakinsa, in ce "ni", kada in ce "ya ce", sannan in maimaita masa da Hausa ya amince kafin in aika. Ni ma duk abin da zan rubuta nawa, sai na fara faɗarsa da Hausa a fili ya ji. Abin da ta aiko kuma in karanta layi-layi, yatsansa na bin layin.

Wannan doka ta wahalar da ni. Ka yi tunanin mace ta zauna tana faɗa da bakinta, "Matata ba ta barina in gama magana," mijin na gefe yana gyaɗa kai yana cewa, "Yauwa, aika." Amma wani abu ya faru da ban zata ba. In na faɗi maganarsa da "ni", sai in ji ta shiga wani wuri da ba ta shiga in shi ya faɗa. Shi kuma na lura muddin allon yake kallo ba fuskata ba, yana iya magana. A Asabar ta uku ya gaya wa kwamfutar nan cewa tun rasuwar ba ya iya cin abincin rana a kasuwa, sai ya ba maƙwabcinsa. Ni ce nake zuba abincin a kula kullum, ina ganin ta dawo wayam, ina cewa a raina ka ga mutumin da ko cinsa bai ragu ba. Na maimaita maganar da "ni", ya ce, "Aika."

Duk da haka akwatin na nan a bakin ƙofa. Ba a taɓo ainihin ciwon ba, ni kuma na riga na yi wa Inna magana.

A Asabar ta huɗu, saura mako guda a ba da hutu, matar ta tambaye ni abin da ya fi yi min ciwo a cikin komai. Bisa doka sai na fara faɗa da Hausa. Na kalli allon, kamar yadda na koya a wurinsa, na ce gadon da ya kai kasuwa tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba, da sunan da bai taɓa kira ba ko sau ɗaya. Na ce ji nake kamar yarinyar ba ta taɓa zuwa ba, kamar ni na yi mafarkinta. Na buga, na aika. Kafaɗarsa da ke jikin tawa ta yi tauri.

Amsa ta zo gajeriya. Ta ce in tambaye shi ko zai iya faɗar sunan yanzu, a nan, ni in ji.

Ita ba ta san abin da ta roƙa ba. A can inda take wannan ƙaramar tambaya ce, a wurinsa kuwa kamar a ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa ne. Na yi niyyar in murɗe maganar, wannan karon don shi ba don ni ba. Amma yatsansa na kan layin, kuma can cikin raina ni ma ina son jin amsar. Na fassara masa daidai, ban rage ko wasali ba.

Janareta na ƙugi, wani a lungun kusa da mu yana ta tsaki don shafinsa ya ƙi buɗewa. Malam ya ɗauki hularsa daga kan gwiwa ya sa, ya ce, "Lokacinmu ya ƙare ko?" Bai ƙare ba, da saura da yawa. Ya tashi ya sauka.

Na rubuta wa matar bayanin kunyar ɗan fari a gurguje, hawaye na ɗiga a kan madannan. Ta ce ba ta sani ba, kuskurenta ne, in ba shi haƙuri a madadinta. Sannan ta ce in bar kwamfutar in bi shi. Ina sauka daga benen ina lissafin abin da ya rage ban sa a akwati ba, don na gama yanke cewa shi ke nan.

Yana ƙasa a kan babur, ya riga ya tayar. Na hau ban ce komai ba, wanda shi ma abin tarihi ne. Sai na ga bai ɗauki hanyar Dutse Uku ba, ya nufi Katako.

Ban taɓa shiga kasuwar fiye da sau biyu ba. Injinan yanka na ta ihu, dusar katako har idon sawu, masu ɗauko falankai a ka suna ta "Hanya, hanya!" Wani maƙwabcin rumfarsa, Ibo, ya hango mu ya washe baki. "Oga, yau madam ya zo duba ka?" Malam ya ɗaga masa hannu kawai, ya wuce da ni can ƙuryar rumfa, bayan inda aka jingine dogayen katakai. Akwai wani abu a lulluɓe da tamfol. Ya janye.

Gadon ne. Ba ƙura ko ɗaya a jikinsa, a wurin da komai ƙura ne. An shafe shi da mai har maɗacin ya yi ja yana ƙyalli. Na dafa shi, sai na ji bai yi rawa ba. Na duba ƙasa. Ya gyara gajeriyar ƙafar, ya yi mata ƙari da wani guntun itace, ya goge har sai ka sa ido za ka ga mahaɗin.

"Ba ka sayar ba," na ce.

"Mutum uku sun taya. Na ce ba na sayarwa ba ne."

"To me ya sa ka ɗauke shi?"

Ya juya ya fuskanci katakan da ke jingine, ya ba ni gefen fuska, kamar muna kafe. "Ranar nan da safe na leƙo, na ga kina gyara masa shimfiɗa, ba kowa a ciki. Kin gyara, kin sake gyarawa. Na ce in ya kwana a ɗakin nan ba za ki tashi ba."

"Sai ka gaya min, Malam! Wata tara!"

"Ai na ce miki na kai Katako."

Wallahi a lokacin ban san ko in rufe shi da duka ko in rungume shi ba. A wurinsa ya yi cikakken bayani tun tuni, ni ce ban fahimta ba.

Sai ya durƙusa, ya kifa gadon a hankali a kan tamfol ɗin. A ƙasan allon da ake ɗora katifa, inda ba mai gani, an sassaƙa rubutu da ajami. Sassaƙar ta yi zurfi, bakin haruffan ya yi santsi, da gani an sha bin su da yatsa. Ya ce ranar suna ya yi shi, muna tsakar gida ni da mata ana rabon waina. Wato duk kwanakin da ta yi bayan nan, a kan sunanta take kwance, da rubutun ubanta, ni ban sani ba.

Ya ɗora yatsa a kan harafin farko, yadda yake yi a kan allon kwamfuta. Bakinsa ya motsa, na ga ya gwada, na ga abin ya ƙi. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sai ya ce, a hankali, "Ke ki karanta. Ai ke ce tafinta."

Na durƙusa kusa da shi cikin dusar katako. Yatsansa na tafiya, ina bi, na faɗi sunan 'yarmu a fili. Ban ƙara ba, ban rage ba.

"Yauwa," in ji shi. "Haka ne."

Muka daɗe a wurin muna kuka, ni da sauti, shi irin nasa. Ba wanda ya leƙo, ƙarar injina ta rufa mana asiri.

Da muka koma gida ya tsaya a gaban akwatin, karo na farko bai kewaye shi ba. Ya dube ni. Na yi tambaya ɗaya a raina, na tuna an ce in riƙa jira, na yi shiru. Ya sunkuya ya ɗaga shi, da kayan da komai, ya mayar kan wadirob. Sai da na kwana uku ina hawa kujera in ciro zani, don na ƙi in ce ya sauko min da shi.

Mun koma kafe sau ɗaya, don sallama. Ya sa na gaishe ta tun daga gida har sanyi, sannan ya ce in rubuta mata, da "ni", cewa ta iya aikinta, Allah ya saka, amma ta riƙa rage tambaya. Na maimaita masa, ya auna, ya ce in aika.

Allah ya ba mu wasu 'ya'yan daga baya, duk a gadon nan suka kwanta, kuma yana kiran sunayensu har ya ishe su. Sunan ta farin dai har yau bai faɗa ba. In zancenta ya taso, ko ranar da ta cika shekara, sai ya juyo ya dube ni, ni kuma in faɗa mana mu biyu.